Heinrich Barth, 1821-1865: Matafiyin da ya Zana Tufafin Ƙasar Kano

Gabatarwa

Idan Baturen Ingila ya so ya san irin suturar da kakanninsa suka sa shekaru 600 da suka shige, ba zai sha wata wahala ba, domin tsofaffin littattafansu na rubutun hannu cike suke da hotunan sarakuna da fadawa da manoma, kowa da irin shigarsa. Tun a tsakanin 1796 da 1799 wani gwanin zane mai suna Joseph Strutt ya bi waɗannan hotuna ya kwaikwaye su, ya buga littafi mai juzu'i 2 a kan tufafin mutanen ƙasarsu. Bahaushe kuwa bai sami irin wannan gata ba. Malaman ƙasar Hausa sun ƙawata littattafansu da zayyana, amma ba su saba zana siffar mutum ba. Tarihin Kano ya ambaci lifidi da sulke da kwalkwali a zamanin Sarki Kanajeji, ya kuma ambaci takalman gashin jimina a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, amma duk suna ne kawai, babu hoto.

Saboda haka duk mai son ganin kamannin rigar da aka sa a ƙasar Kano kafin zuwan mulkin Turawa, tilas ne ya leƙa littattafan baƙin da suka ratsa ƙasar. A cikin waɗannan baƙi babu wanda ya kai Heinrich Barth lura da abin da mutane ke sawa, da inda ake yinsa, da inda ake kai shi. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa, ta dubi abin da zane-zanensa suka adana, sa'an nan ta dubi abin da suka bari a baya, wato hannuwan mutanen karkara da suka yi aikin.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda ya tashi cikin rashi har ya yi arziki, saboda haka yaron ya girma a gidan da ake lissafin kaya da riba. Tun yana ƙarami ya fi son littattafai da koyon harsuna a kan wasa da tsararrakinsa. A 1839 ya shiga Jami'ar Balin, inda ya yi karatu a wajen manyan malamai irin su Carl Ritter, masanin labarin ƙasa, da August Böckh, masanin tarihin Girkawa. A 1844 ya sami digirin dakta, kuma abin da ya yi nazari a kai shi ne cinikin tsohon birnin Koranti na ƙasar Girka. Wannan horo ne ya sa daga baya, duk garin da ya sauka, kasuwa yake fara nema, ya tambayi farashi da asalin kaya.

Bayan ya ƙara koyon Larabci a Landan, sai ya kama tafiya a 1845, ya bi gaɓar Bahar Rum daga Maroko har Masar, ya wuce Sham da ƙasar Turkawa, bai koma gida ba sai 1847. A kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka far masa, suka ji masa rauni, suka kwashe masa kaya har da takardun da ya rubuta. Da ya dawo ya fara koyarwa a Balin, amma ɗalibai ba su cika zuwa darasinsa ba. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa gwamnatin Ingila za ta aika da ayari zuwa tsakiyar Afirka a ƙarƙashin James Richardson, domin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma neman hanyar kashe cinikin bayi. Aka zaɓi Jamusawa 2 su raka shi, wato Barth da Adolf Overweg.

Ƙetare Sahara

Ayarin ya bar Tarabulus a watan Maris na 1850, ya bi ta Murzuk da Gat zuwa duwatsun Azbin. Barth ya ɗauki sunan Abdulkarim, kuma da wannan suna aka san shi a ƙasar Hausa da Barno. A kusa da Gat ya hau wani dutse shi kaɗai, ya ɓata, ƙishirwa ta kusa halaka shi, sai wani Buzu ya tsince shi. A watan Oktoba na 1850 ya ziyarci Agadas. A wannan hanya ce ya fara koyon Hausa daga bakin fatake da barori, ya kuma fara ganin baƙin rawanin da Buzaye ke rufe fuska da shi, wanda aka gaya masa daga Kano ake kawo shi. Wato dai ya haɗu da kayan Kano wata da watanni kafin ya ga ganuwar Kano.

A watan Janairu na 1851 matafiyan 3 suka rabu a Damargu, da nufin su sake haɗuwa a Kukawa. Barth ya bi ta Tasawa, inda ya tsaya ya dubi marina da kyau, ya wuce Katsina. A can Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi kwanaki, bai sallame shi ba sai da aka ƙara masa kyauta. Ranar 30 ga Janairu ya fita Katsina ya nufi Kano.

Daga Katsina zuwa Kano

Wannan tafiya ta kwana 4 tana da muhimmanci ga wannan nazari, domin ita ce ta ratsa da shi ta cikin karkarar da ke arewa maso yamma da birnin Kano. Ya bi ta Kusada, ya wuce ta gefen ganuwar Bichi. Ya ga gonaki sun haɗe da juna, ƙauye na kallon ƙauye, ga ɗorawa da tsamiya da kuka da rimi a tsakanin gonaki, ga auduga da taba, ga shanu suna kiwo, ga mata a bakin hanya suna sayar da abinci ga matafiya. A Bichi ya lura cewa akwai Buzaye da ke zaune suna noma wa iyayengijinsu na Azbin, abin da ke nuna irin cuɗanyar da ke tsakanin masu yin baƙin rawani da masu saye. Abin da ya gani ya burge shi ƙwarai, har ya lasafta ƙasar Kano cikin wurare mafi albarka a duniya.

Lokacin da ya wuce kuwa rani ne, an gama girbi, an kai amfanin gona rumbu. A irin wannan lokaci ne manomin ƙasar Kano yake komawa ga sana'arsa ta biyu, masaƙi ya koma masaƙa, marini ya koma bakin karofi, mata kuma su duƙufa ga kaɗi. Sai dai Barth a kan hanya yake, hankalinsa yana ga birni, bai sami zama a waɗannan ƙauyuka ba.

Zamansa a Birnin Kano

Ya shiga Kano da yammacin Lahadi, 2 ga Fabrairu, 1851, aka sauke shi a unguwar Dala. Ba shi ne Baturen farko da ya shiga birnin ba. Shekaru 27 kafin haka, a watan Janairu na 1824, Hugh Clapperton ya shigo sanye da kayan sarki na sojan ruwan Ingila, yana zaton mutane za su taru su yi kallo, amma kowa ya ci gaba da harkar gabansa. Barth kuwa shigar Larabawa da ta 'yan ƙasa yake yi, kuma da riga da alkyabba ya je gaida Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo da Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama sarki a 1855.

Zaman bai yi masa daɗi ba da farko. Ya iso ba shi da ko wuri, ana binsa bashin da ya haura wuri 100,000, kayan da ya aiko a sayar masa ba su yi daraja ba, ga zazzaɓi ya kwantar da shi. Duk da haka, da ya sami sauƙi sai ya hau doki ya zaga unguwanni, ya zana taswirar birnin, ya hau dutsen Dala ya zana yadda garin yake daga sama. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, kuma a watannin da fatake ke cika gari suna iya kaiwa 60,000.

Babban abin da ya fahimta shi ne, arzikin Kano a kan tufafi ya dogara. Ya kasa kayan gida 4, wato riga, da turkuɗi wanda mata ke ɗaurawa, da zane iri-iri, da baƙin rawani. Bisa ƙiyasinsa, abin da ake kai wa Tambutu kaɗai a shekara bai gaza kayan raƙumi 300 ba, wanda kuɗinsa ya kai wuri miliyan 60, dukan abin da sana'ar ke samarwa kuwa ya kai wuri miliyan 300. Domin mai karatu ya gane nauyin wannan adadi, a lokacin ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, kuma iyali guda na iya rayuwa cikin wadata a shekara da wuri 50,000 zuwa 60,000. Ya ce karofin da ke birnin Kano kaɗai sun haura 2,000, ana karɓar harajin wuri 700 a kan kowane ɗaya. Ya bi sawun kayan har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da gaɓar Tekun Atalantika ta yamma, ya kuma nuna cewa saboda rashin lafiyar hanya, kayan da za su Tambutu sukan yi doguwar kewaya ta Gat da Gadamas.

Bai manta da kayan da ke shigowa ba. Ya ga akoko na Manchesta, da jan mulufi, da duwatsun wuya na Italiya, da allurai da madubai da ruwan takubba na ƙasar Jamus, da alharini wanda ake rinawa a Tarabulus a kawo wa masu ɗinki da masaƙa. Ya kuma kwatanta abin da ya gani da masana'antun Turai na zamaninsa, inda ake tara dubban ma'aikata cikin ƙunci, ya yaba da yadda a Kano sana'ar take ciyar da iyalai ba tare da ta raba mutum da gidansa ba.

Zane-zanen da ya Bari

A wancan zamani ba a fara buga hoton kyamara a cikin littattafai yadda ake yi yanzu ba. Matafiyi yakan yi zane da fensir a littafinsa, in ya koma gida sai gwanaye su sake zana shi a kan dutse ko su sassaƙa shi a kan katako, sa'an nan a buga. Manyan hotuna masu launi na littafin Barth, kimanin 60, wani mai zane Bajamushe ne, Johann Martin Bernatz, ya fitar da su daga zanen da Barth ya kawo. A cikinsu akwai hoton Kano daga kan Dala. Ban da waɗannan akwai ƙananan zane-zane na baƙi da fari da aka saka a tsakiyar rubutu, kuma su ne suka fi amfani ga mai nazarin sutura.

A babin da ya yi magana a kan cinikin Kano an zana takalma, da jakar fata mai ado, da rigar Nufe, da wata riga wadda Buzaye ke kira da sunan zabo saboda ɗigo-ɗigonta. Duk Bahaushen da ya dubi wannan ta ƙarshe, ya karanta bayaninta, zai gane saƙi ce, wato saƙar da ake haɗa baƙin zare da fari a ƙananan gidaje har ta yi kama da gashin zabuwa. An shimfiɗa rigar a zanen yadda za a ga faɗinta da aikin da aka yi a wuya da aljihu. Daga nan ana iya tabbatar da cewa babbar riga mai aiki, wadda ake gani a jikin hakimai ranar hawan salla, ta riga ta sami siffarta tun kafin 1851.

Wani abin lura shi ne yadda Barth ya bambanta gwanintar garuruwa. Ya nuna cewa manyan riguna masu tsada da yawa daga Nufe ake kawo su Kano, alhali kuwa a wajen turkuɗi da baƙin rawani Kanawa ne a gaba. Wannan ya nuna cewa a cikin daular Sakkwato aiki a rabe yake, kowace ƙasa da abin da ta fi ƙwarewa a kai, kasuwar Kurmi kuma ita ce mahaɗa.

Abin da Zanen bai Nuna ba

Duk da wannan amfani, bai kamata a ɗauki hotunan tamkar madubi ba. Da farko dai Bernatz bai taɓa taka ƙasar Kano ba, saboda haka ƙananan mutanen da ake gani a manyan hotuna sun bi ta hannun wanda bai san yadda ake naɗa rawani ko saɓa hannun riga a kafaɗa ba. Na biyu, zanen baƙi da fari ba ya iya nuna ƙyallin shuni, alhali kuwa wannan ƙyalli shi ne darajar kore da turkuɗi. Na uku, adadin da Barth ya bayar ƙiyasi ne da ya tattara daga bakin fatake cikin zaman mako 5, wanda ya yi wani sashensa a kwance. Na huɗu, kuma mafi girma, kayan da aka zana na masu hali ne. Taguwar manomi da banten yaro da gwadon da talaka ke rufa da shi a lokacin ɗari ba su sami irin wannan kulawa ba.

Haka nan hoton riga ba ya faɗin hannu nawa ta bi kafin ta zama riga. Manomi ne ya shuka auduga da baba a gonarsa. Mata suka gurje audugar suka fitar da angurya, suka shiɓe ta, suka kaɗa ta da mazari, suka fitar da siririn zare na tsaye da abawa ta kwance. Masaƙi ya yi wadari, ya ɗaure ƙarshen zaren a kunkuru, ya zauna yana taka allera yana jefa ƙoshiya har ya fitar da ƙwarya mai ɗan faɗi kaɗan. Maɗinki ya haɗa ƙore da yawa suka zama ƙyalle guda. Marini ya haɗa baba da toka da katsi a karofi, ya jira kwanaki har ruwan ya nuna, ya tsoma ya fitar sau da yawa. Daga nan sai mabuga, inda ake ɗora ƙyallen a kan gungume a zuba masa shuni a yi ta bugu har ya ɗauki ƙyalli. In riga ce mai aiki, sai malami ya zana mata aska biyu ko aska takwas, mai ɗinki ya yi watanni yana bi da allura.

Yawancin waɗannan matakai a karkara ake yinsu. Binciken da Philip Shea ya kammala a 1975, wanda daga baya ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa ƙarfin rinin ƙasar Kano a ƙarni na 19 yana garuruwa da ƙauyuka irin su Kura, kuma marinan Kano sun yi fice ne saboda manyan karofin da suke shafewa da laso. Shi ya sa har yau ake kiran rawani mai ƙyalli ɗan Kura. A arewacin birni kuma, ƙasar Minjibir ta yi suna a wajen saƙa. Wannan yanki mai cunkoson gidaje, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu saboda takin da jakuna ke ɗaukowa, shi ne Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960. Gona ƙarama ce, baki da yawa, saboda haka sana'ar rani ita ce ke cike giɓin da noma ya bari. Ashe wuri miliyan 300 da Barth ya lissafa a birni, gumin waɗannan gidaje ne. Bai kuma kamata a manta ba cewa a cikin masu noman auduga da baba a rinji akwai bayi masu yawa, abin da ke rage wa kyakkyawan hoton da ya bayar haske.

Sauran Tafiyarsa

Barth ya bar Kano ranar 9 ga Maris, 1851, ya bi ta Gezawa da Gumel ya nufi Barno. A hanya ya sami labarin cewa Richardson ya rasu. Ya isa Kukawa a farkon Afrilu, Shehu Umar ya karɓe shi. Daga can ya tafi Adamawa, ya ga kogin Binuwai ranar 18 ga Yuni, 1851, ya shiga Yola. Ya kuma je Kanem da Bagarmi. Ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, ya ga yadda ake kama bayi da idonsa, ya rubuta abin da ya gani, amma bin wannan runduna ya jawo masa zargi a Ingila daga baya. A watan Satumba na 1852 Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi, Barth ya saura shi kaɗai.

Maimakon ya koma gida, sai ya yanke shawarar zuwa Tambutu. A wannan tafiya ce ya ga amfanin tufafin Kano a aikace. A Katsina, a farkon 1853, ya sayi turkuɗi da riguna da rawuna masu yawa na Kano da Nufe, domin su ne kuɗin da ake karɓa a yamma. Da su ya yi kyauta ga sarakuna, ya sayi hatsi, ya biya masu jagora da masu fito. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna a Wurno da Sakkwato. A Gwandu ya sami kwafen Tarihin Sudan, ya kwafi sassa daga ciki, ko da yake ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, alhali Abdurrahman al-Sa'adi ne. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakka'i ya kare shi daga masu neman ransa har ya fita a 1854. A kasuwar Tambutu ma ya tarar da kayan Kano.

Ya sake shigowa Kano a watan Oktoba na 1854, ya tarar an daɗe da baza labarin mutuwarsa, babu kuɗin da ke jiransa, sai da ya ci bashi da ruwa mai yawa a hannun fatake. A kan hanyarsa ta Kukawa ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, wanda aka aiko daga Turai. Ya ƙetare Sahara ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta na 1855, ya sauka Landan a watan Satumba, bayan tafiyar da ta haura mil 10,000 cikin shekara 5 da 'yan watanni.

Ya tafi da samari 2 waɗanda Overweg ya 'yanta, wato Abbega, Bamargi, da Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, kuma akwai hotonsu a littafin. Dorugu ya zauna da J. F. Schön a Ingila, ya ba shi labarin rayuwarsa da abin da ya gani na al'adun Turawa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Ta haka wannan tafiya ta bar wa masu nazarin Hausa gado biyu, Bature ya dubi Hausawa, Bahaushe kuma ya dubi Turawa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Littafinsa, Travels and Discoveries in North and Central Africa, ya fito cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci. Masana sun yaba, an ba shi lambobin girma, amma jama'a ba su saye shi sosai ba, domin ya yi tsawo kuma ya cika bayani dalla-dalla. Littafin David Livingstone da ya fito a 1857 ya fi shi kasuwa nesa ba kusa ba. Barth mutum ne mai saurin fushi, wanda bai iya lallashin manya ba, saboda haka ya ɓata da hukumomin Landan, ya koma Jamus a 1858. Daga 1862 ya fara buga tarin kalmomin harsunan tsakiyar Afirka, har da Hausa da Barbarci da Fillanci. A 1863 aka ba shi kujerar farfesa a Jami'ar Balin, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Bai yi aure ba. Ya rasu a Balin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, sakamakon ciwon ciki, yana da shekara 44. A 1962 A. H. M. Kirk-Greene ya tsamo sassan littafin da suka shafi Nijeriya ya buga su a juzu'i guda, abin da ya sauƙaƙa wa ɗalibai karanta shi.

Kammalawa

Abin da Barth ya yi wa tarihin suturar Hausa ba ƙarami ba ne. Ya rubuta sunayen tufafi da Hausa, ya faɗi farashinsu da hanyoyin da suke bi, ya kuma bar siffar wasunsu a takarda shekaru 52 kafin Turawan mulki su ci Kano a 1903. Amma abin da ya bari rabin labari ne, domin shi baƙo ne, kuma Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Sauran rabin yana hannun jikokin mutanen da ya wuce ta gefen gonakinsu.

Wannan rabi kuwa yana neman salwanta. Yadin kanti ya fara danne saƙar hannu tun zamanin Turawa, masaƙun zamani da aka kafa a Kano bayan samun mulkin kai yawancinsu sun rufe, kasuwar Kantin Kwari kuma ta cika da yadin ƙasashen waje. A ƙauyuka da yawa karofi sun cike da ƙasa, a Ƙofar Mata ma kaɗan ne ke aiki. Yaro ya san kalmar kunkuru da ƙoshiya, amma bai san suna da wata ma'ana a bakin masaƙi ba.

Saboda haka aikin da ke gaban ɗaliban Hausa a fili yake. Ya kamata a ɗauki kwafen waɗannan zane-zane a kai su Minjibir da Bichi da Gezawa da Dawakin Tofa, a ajiye su gaban tsofaffin masaƙa da marina da masu ɗinkin hannu, a tambaye su sunan kowane sashe, da yawan ƙoren da ke shiga riga, da inda mai zanen ya yi daidai da inda ya kauce. A kuma zauna da tsofaffin mata a rubuta kalmomin gurza da shiɓa da kaɗi, tun da su ne littafin Barth ya fi yin shiru a kansu. In an yi haka, zanen da aka buga a Landan a 1857 zai sami bayanin da ya rasa daga bakin masu abin.